Duk Wanda Ya San Ya'u

A Unguwar Ɗorawa, wani ɗan ƙauye yamma da Zariya, akwai wani gida mai zaure ɗaya da tsohuwar rijiya a bayansa. Mutum huɗu ne a gidan kafin su koma uku. Akwai Inna Yalwa, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Akwai Baffa Jibo, ƙanin marigayin, mai saurin hawa da saurin sauka. Akwai ɗanta na fari, Zakariya'u, wanda gari ke kira Ya'u, yaron motar Direba Sallau. Sai autanta, Nomau. Nomau ƙato ne, gemu ya cika masa haɓa, yana ɗaga buhun masara kamar an ce ya ɗauki matashi. Abu ɗaya ne da shi: abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari, kuma ba ya tsayawa sai an ce ya tsaya.

Ita kuwa Inna, tun ranar da aka raɗa wa ɗan farinta suna ba ta taɓa kama sunan da bakinta ba. Kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar iyayenta na yi. "Yaron nan" take ce masa. In ya dawo daga tafiya ba ta kallonsa a gaban mutane, sai dai ta tura masa kwanon tuwo, nama ɓoye a ƙasan miya.

Wata rana Baffa Jibo zai tafi kasuwa, ya ce, "Nomau, ɗebo ruwa ka zuba wa tumaki a kwatarniya." Ya tafi abinsa. Da ya dawo da la'asar sai ya tarar tsakar gida ta zama tafki. Tumaki sun haye kan turmi da kujeru, kaji suna kan danga, takalmin Inna na yawo a bakin ɗaki. Nomau na tahowa da wani gugan.

"Kai! Ba ka ga ta cika ba?"

"Na gani, Baffa."

"To?"

"Ba ka ce in ta cika in bari ba."

Ya'u ya yi dariya har ya zauna cikin ruwan. Tun daga ranar shi kaɗai ya iya aiken Nomau, domin yakan ba shi aikin da ƙarshensa a haɗe. Yakan ce, "Ka share zaure har bakin ƙofa, sannan ka zo ka zauna kusa da ni." Ko, "Ka kai wa Inna itacen nan, sannan ka zo ka zauna kusa da ni." Nomau ya yi, ya zo ya zauna.

Wata rana, ƙarshen damina, dawa ta fara sunkuyar da kai, Ya'u ya dawo daga Kudu da zazzaɓi. Ya kwanta a zaure ya ce gobe zai tashi. Bai tashi ba. Aka kai shi makwancinsa, Nomau na riƙe da gaban makara, ba ya haki. Mata suka cika gida da kuka, amma Inna ba ta yi ba, don uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a idon jama'a. Ta shiga ɗaki ta juya fuska bango. Aka kai tuwo ya dawo, aka kai kunu ya yi sanyi, sai ruwa take kurɓa. Bakwai ta wuce tana nan yadda take, wuyanta ya zama kamar sillen kara. Tsofaffin unguwa suna fitowa daga ɗakin suna girgiza kai, suna cewa abin ya tsaya mata a ƙirji, in bai fito ba za ta bi shi. Nomau ya ji su. Ya tsaya jiran wani ya ce masa ga abin da zai yi, ba wanda ya ce.

Wata rana Baffa Jibo ya gaji da ganinsa tsaye a tsakar gida kamar turke, ya ce, "Je ka sanar da mutane rasuwar. Ka ce sadakar arba'in Juma'ar farkon wata." Ranar da aka aike shi kuwa ranar kasuwa ce. Nomau ya tsaya a bakin hanya ya tare mai jaki, ya tare mai tallan gishiri, ya tare wani baƙo a kan keke wanda bai taɓa taka ƙauyen ba. Kowa sai ya riƙe masa hannu ya ce, "Ya'u ya rasu." Baƙon ya yi salati ya sauka daga keke, ya yi ta'aziyya, ya ce wane ne Ya'u. Kafin azahar kasuwa ta kawo ƙara. Baffa ya jawo shi gefe.

"Saurara da kyau. Ka fara tambayar mutum, ka san Ya'u? In ya ce e, ka faɗa masa. In ya ce a'a, ka rufe bakinka. Duk wanda ya san shi, kada ka tsallake ko ɗaya. Wanda bai san shi ba, ba ruwansa. Ka ji?"

"Na ji, Baffa."

Baffa ya ga ya yi dabara. Bai lura ba cewa bai faɗi inda aiken zai ƙare ba.

Nomau ya bi gari gida gida. Ya sami Liman a kan buzu ya ce, "Malam, ka san Ya'u?" Liman ya ce, "Nomau, ni na yi masa salla." Nomau ya ce, "To, ya rasu." Liman ya dube shi, ya dubi carbinsa, ya ce, "Allah ya ji ƙansa." Ya faɗa wa waɗanda suka haƙa kabarin. Ya faɗa wa Baffa Jibo, ya sha da ƙyar. Da ya gama gari sai ya dawo gida ya durƙusa a bakin ɗakin Inna.

"Inna, kin san Ya'u?"

Shiru. Ya ga bayanta ya motsa kaɗan, kamar za ta juyo, ba ta juyo ba. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ba a gaya masa abin da zai yi da shiru ba. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi.

Wata rana ya tarar da Direba Sallau yana wanke mota a bakin rafi. Ya tambaye shi, ya faɗa masa, sannan ya ce, "Bayan ƙauyen nan, akwai wanda ya san shi?" Sallau ya ɗauka hira ce ta mai kewa. Ya ce, "Ai yayanka ɗan mutane ne. Akwai Daso mai nono a rugar da ke hanyar Kaciya. Akwai Bulus mai faci a Kafanchan. Akwai Iya Mulika mai abinci a tashar Ilorin, ita kam ɗa ta ɗauke shi." A lokacin waya ba ta shigo hannun kowa ba, labari sai wanda ƙafa ta kai. Nomau ya koma gida ya sa hular Ya'u, ja mai ɗinkin kore, ya tafi tasha. Ya yi wa wata mota lodin buhuna, aka ce ya hau sama.

A rugar, Daso na zaune gindin kaɗanya tana kaɗa nono. Nomau ya yi sallama ya tsuguna.

"Kin san Ya'u?"

"Ya'u? Ban san shi ba."

Nomau ya rufe bakinsa. Daso ta ɗago kai ta ga hular, ta ga goshin, ta saki gorar. "Kai ɗan'uwan Jakari ne! Wallahi kai ne, ga hancin nan." Ta ce bara saniyarta ta faɗa taɓo da ciki, Jakari ya sauko daga mota ya shiga har ƙugu ya ciro ta, direbansa na ta zaginsa. Ta nuna wani maraƙi mai farin goshi, ta ce sunansa ke nan, Jakari, kuma ba za a sayar da shi ba. Ta yi kira, maraƙin ya ɗago kunne ya taho.

"Ina ka baro shi?"

"A ƙauye."

"Me ya hana shi zuwa?"

Nomau ya matse leɓe. An ce wanda bai san Ya'u ba, ba ruwansa. Daso ta dube shi ta kwashe da dariya. "Kunya kake ji! Aure ne. Ai ya ce min bayan kaka zai yi. Yaushe ne taron?"

"Taro kam akwai. Juma'ar farkon wata, a gidanmu."

"Saboda shi?"

"Saboda shi."

Ta dama masa fura. Ya sha, maraƙin na lasar masa gwiwa.

Wata rana motar citta ta sauke shi a Kafanchan. Ya sami Bulus mai faci a rumfarsa, ya danna tiyub cikin baho yana neman inda iska ke fita. Nomau ya tambaye shi. Bulus ya ce Ya'u uku ya sani, ɗaya mahauci, ɗaya ɗan dako, ɗaya ɓarawon taya, wanne? Nomau ya ce yaron motar Sallau. Bulus ya ce yaron motar Sallau ba Ya'u ba ne, Zakka ne.

"To ba ka san Ya'u ba ke nan?"

"Na Sallau? Ban san wani Ya'u a motar Sallau ba. Zakka na sani, kuma hularsa ce a kanka."

Nomau ya rufe bakinsa. Bulus ya jawo masa benci. Ya ce sunan mahaifinsa ke nan, Zakka, don haka duk ranar da motar ta tsaya yakan ce, ga babana ya zo, shi kuma ya ce, ɗana, ka yi wanka kuwa yau? Ya ce sun sha yin gardama a kan sunan, shi yana cewa na cikin littafinsu ne, Zakka yana cewa na cikin nasu ne, har suka gano tsoho ɗaya suke ja, wanda ya roƙi ɗa bayan furfura ta gama da shi, aka ba shi.

"Ka san ma'anarsa? Fastonmu ya ce, Ubangiji ya tuna."

Nomau ya kalli kumfar da ke tasowa daga tiyub. Ya ce, "Ya tuna kuwa."

"Amin," in ji Bulus. Ya tambayi labarin gida, ya ji akwai taro, ya buga cinya ya ce ashe babansa zai yi masa sabuwar uwa.

Nomau ya lura da wani abu a rumfar nan. A ƙauye in an zo maganar yayansa sai a ce marigayi, a rage murya. A nan kuwa cewa ake yi yana son rake, yana da tsokana, zai zo. Bai yi saurin tashi daga bencin ba.

Wata rana ya isa Ilorin a kan buhunan wake, fuska duk ƙura. Bai ma gama tambayar ba Iya Mulika ta ce ba ta san kowane Ya'u ba, ya matsa mata daga gaban tukunya. Ya matsa. Sai ta ga hular. Ta ajiye ludayi ta ƙwala kira, "Ƙanin Saka! Ku zo ku ga ƙanin Saka!" Ta zaunar da shi ta tula masa amala da miya ja wur. Ta ce Saka ne ya goya 'yarta ya kai asibiti ranar da naƙuda ta zo mata a tasha, ruwa na zuba, ba mota. Da aka haifi namiji ba a yi shawara ba. Ta jawo wani jariri mai kumatu daga bayan wata yarinya ta dangwara masa a cinya. "Saka ƙarami. Gaishe da baffanka." Jaririn ya kama gemun Nomau ya ja. Da ta ji zancen taro sai ta ɗaure fuska, ta ce wato Saka zai yi aure bai gaya wa uwarsa ta Ilorin ba? Ta ce ƙanwarta na Sabon Garin Zariya, za ta sauka can, kuma Saka zai ji a kunnensa. Ta ce, "Ci!" Ba ta ce ya tsaya ba. Sai da aka ga gindin tukunya.

Ranar Juma'ar farkon wata aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Malamai suka zauna, aka fito da waina da gumba, Liman ya fara addu'a. Nomau ya dawo tun jiya, Baffa ya yi masa faɗan ɓata, bai tambaye shi inda ya je ba. Inna na ɗaki, yanzu ko zama sai an tallafe ta. Ana cikin shafa fatiha sai aka ji guɗa daga bakin hanya. Iya Mulika ce a gaba, ɗaurin kanta ya kai faɗin faifai, jariri a baya, ƙanwarta na biye da ƙatuwar kular abinci. Bayanta Bulus cikin kwat, rungume da sabuwar fitila a kwali. Can baya Daso, ƙwaryar man shanu a ka, tana jan maraƙi da igiya, wai ya zo ya ga bikin mai sunansa. A tasha suka haɗu, kowa na tambayar gidan angon.

"Ina ango?" in ji Iya Mulika. "Saka! Fito, na kama ka!"

Ba wanda ya motsa. Wani malami ya tsaya da waina a hannu. Bulus ya dubi tabarmi, ya dubi fuskoki, a hankali ya cire hularsa. Baffa Jibo ya miƙe.

"Nomau. Me ka gaya wa mutanen nan?"

"Ban gaya musu komai ba, Baffa. Na tambaye su, ba su san Ya'u ba."

Liman ne ya taso ya faɗa musu, da murya ƙasa ƙasa. Daso ta sauke ƙwarya ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Iya Mulika kuwa ba ta san kukan ɓoye ba. Ta ɗora hannu a ka ta kutsa cikin gida tana kururuwa, "Saka! Saka ɗana!" har tsakar gida, ta zube a bakin ɗakin Inna. Baffa ya ɗaga sanda, Nomau ya tsaya yana jira, don ba a ce ya gudu ba. Sai aka ji murya daga cikin ɗakin, siririya kamar zare.

"Nomau. Wa ake wa kuka?"

Ya shigo ya durƙusa. "Saka, Inna."

"Wane ne Saka?"

"Yaron nan ne. Haka ake ce masa a Ilorin."

Inna ta juyo daga bango. Ta ce, "Saka." Ta faɗe shi a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Matan da ke tsakar gida suka dubi juna. Wata ta buɗe baki, sai Gwaggo Tabawa, wadda ta fi kowa tsufa a unguwar, ta ɗaga mata hannu. Ta ce, "Ina nan aka raɗa masa suna. Ba wannan aka raɗa ba. Ku bar ta."

Inna ta ce a shigo da baƙin. Aka shigo da Daso, Bulus ya tsaya daga bakin ƙofa. Iya Mulika ta kwance jaririn ta sa wa Inna a cinya ta faɗi sunansa. Daso ta ba da labarin taɓo. Bulus ya ce shi Zakka ya sani, kuma bai taɓa wuce rumfarsa bai kawo masa rake ba. Inna na bin su da baki. Zakka. Jakari. Ta tambayi Daso, "Jakari ya yi miki rashin kunya?" Ta tambayi Bulus, "Zakka yana salla a kan hanya?" Tun haihuwarsa ba ta taɓa tambayar kowa labarinsa kai tsaye ba, yau ga shi tana yi da sunaye uku. A na Saka muryarta ta karye. Kukan ya zo mata gaba ɗaya, irin ruwan da ya daɗe yana haɗuwa a gabas. Ba wanda ya ce ta yi haƙuri. Iya Mulika ta rungume ta suka yi tare, jaririn ma ya taya su.

Da abin ya lafa, Iya Mulika ta share fuska da bakin zane ta jawo kular bikin. Ta ce ba za ta koma Ilorin da abincin ba. Inna ta dubi miyar.

"Saka yana cin wannan barkonon?"

"Har ƙari yake nema."

Inna ta sa hannu. Ta ci loma ɗaya, hawaye suka ƙaru, ta ce wannan na barkono ne. Ta ci ta biyu.

A waje Baffa Jibo ya rasa inda zai ajiye sandarsa. Ya yi gyaran murya ya ce, "To, kai kuma, ka gama aiken?"

Nomau ya yi lissafi da ka. Ya ce, "Saura mutum ɗaya."

Ya zaga bayan gida wajen rijiya, inda aka mai da kwatarniyar tumaki. Ya leƙa ruwan, ya ga hula ja mai ɗinkin kore. Ya tsuguna yadda yake tsugunawa gaban kowa.

"Nomau, ka san Ya'u?"

"Na san shi. Yayana ne."

Ya faɗa masa. Bayan ya faɗa sai ya rasa abin da ake yi, domin ba a ba shi ƙarshen aiken ba. Yana nan tsugune, kafaɗunsa na girgiza, maraƙin ya zo yana shan ruwa a gefensa. Can sai muryar Inna ta tsallako danga, da ɗan ƙarfinta.

"Nomau! In ka gama, ka zo ka zauna kusa da ni."